Yadda na ceto muryar Baba daga haddis ɗin da ya kwanta

Ranar wata Asabar bayan sallar isha'i ƙanwata ta turo mini saƙo ta WhatsApp, wai in taimaka in tura mata karatun Baba na babin azumi, tana so ta riƙa sa wa yaranta kafin wata ya kama. Na ce ta ba ni minti biyar. Sai da aka kwana tara kafin saƙon ya isa wayarta.

Haddis ɗin, wato faifan da kwamfuta ke adana komai a cikinsa, na tsohuwar laftof ɗina ne. Da ta mutu sai na ciro shi, na saya masa 'yar riga mai wayar USB, ya koma rumbun gidanmu. Giga 500 ne. A ciki akwai hotunan sunan yara, da aikin kammala digirin maiɗakina wanda ta kai babi na huɗu, da tambayoyin jarrabawa da na shekara da shekaru ina tarawa, sannan da karatun Baba. Allah Ya jiƙansa, ya daɗe yana ba da karatun fiƙihu a zauren gidanmu bayan asuba, wani almajirinsa yana ɗauka a kaset. Bayan rasuwarsa na kwashe wata huɗu ina juye kaset 63 zuwa kwamfuta da manhajar Audacity, ɗaya bayan ɗaya, don shi kaset ba a yi masa gaggawa: in na minti 90 ne, minti 90 ɗin za ka zauna. Daminar da ta biyo baya rufin sito ya yi yoyo, kwalin kaset ɗin ya jiƙe ya yi fumfuna. Ban wani damu ba a lokacin. Ai ina da su a haddis.

Da na jona shi a daren nan, fitilarsa ta kama, amma kwamfutar ta tsaya tana ta juya zobenta. Can sai ga wani ɗan akwati a allo, wai sai na yi fomatin faifan, wato in wanke shi tas, kafin in iya amfani da shi. Gabana ya faɗi. Ba wai abin ya zo ba zato ba ne, in zan faɗi gaskiya. Mako uku kafin nan autanmu ya ja wayar, faifan ya faɗo daga tebur yana cikin aiki. Na ɗauka na jona, ya buɗe, na ce Alhamdulillahi na ci gaba da harkokina. Daga baya ya fara nawa, wani fayil ɗin sai ya yi minti guda kafin ya buɗe, ni kuma ina ɗora wa kwamfutar laifi.

Fomatin dai ban yi ba, wannan kam na san shi. Amma duk wani karambanin da ya rage sai da na yi shi a daren. Na cire na mayar ya fi sau goma. Na canja waya. Na gwada a kwamfutar maiɗakina. Daga ƙarshe na bi shawarar wani bidiyo na sa umarnin chkdsk na Windows, wanda aka ce yana gyara faifai. Ya fara ƙirga, yana ta rubuta layuka cewa ya ci karo da wuraren da ba sa karantuwa, sannan ya maƙale wuri ɗaya sama da awa biyu. Wajen ƙarfe ɗaya na dare na gaji na kashe shi da ƙarfi. Daga baya na gane garin neman gira na kusa rasa ido. Shi chkdsk aikinsa ya daidaita rajistar faifai, kuma in ya ga shafin da bai gane ba yakan yanke shi ya rubuta gyaransa a kan faifan. Ga lafiyayyen faifai wannan alheri ne. Ga mai ciwo kuwa, tamkar ka sa mai karaya gudu ne don ka ga ko ƙafar za ta miƙe.

Washegari na kai shi kasuwa wajen wani mai gyara. Ya jona, ya ga saƙon da na gani, ya ce, "Malam, wannan a wanke shi kawai, zai dawo sabo." Na ce abin da ke ciki nake so, ba faifan ba. Ya ce to in sa shi a leda in jefa firiza ya kwana. Maƙwabcinsa ya leƙo ya ce a'a, a canja masa allon lantarkin da ke bayansa. Ina tsaye sai na ga ya ɗauko 'yar sukundireba mai bakin tauraro, wai bari ya buɗe ya ga ko allurar ce ta maƙale. Lokacin hunturu ne, ƙura ta yi fari fat a kan teburinsa, kana iya rubuta sunanka da yatsa. Ban san komai a kan cikin haddis ba a ranar, amma raina bai kwanta ba. Na ce ya bari in yi shawara, na karɓi abina.

Da yamma na kira ƙanena da ke aikin kula da kwamfutoci a Abuja. Kafin in gama bayani ya katse ni.

"Yaya, yanzu yana jone?"

Na ce e.

"Don Allah cire shi. Cire shi tukuna, sannan mu yi magana."

Shi ya fahimtar da ni abin da ke cikin ɗan ƙarfen nan. Faranti ne mai sheƙi, an shafe shi da sinadarin maganaɗisu, yana juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, wato sau 90 a daƙiƙa. A samansa akwai hannu mai allura kamar ta garmaho, sai dai ita wannan ba ta taɓa farantin. Iskar juyawar ce ke ɗaga ta, tana shawagi a tazarar da ba ta kai nanomita 10 ba. Silin gashin mutum ya ninka wannan tazara sau dubbai. Ke nan ƙwayar ƙura ɗaya a gaban allurar kamar dutse ne a gaban mota mai gudu, shi ya sa masu wannan sana'a ba sa buɗe faifai sai a wurin da aka tace iskarsa. Firiza kuma, da zarar ka fito da shi raɓa za ta kwanta a kan farantin. Allon lantarkin ma ba a canja shi haka kawai, domin akwai wani ɗan guntu a jikinsa mai ɗauke da ma'aunin da ya keɓanta da wannan faifan shi kaɗai. Faɗuwar da ya yi yana aiki, allurar ce ta daki farantin ta kankare wani wuri. Duk lokacin da na tilasta masa karanta wurin, ƙara gurje shi nake yi.

Ya ce in jona shi sau ɗaya, in kara kunnena, in faɗa masa abin da na ji. Na kashe fanka, na kori yara. Na ji ya tashi, wani siririn sauti yana hawa har ya daidaita, sai 'yar ƙaras-ƙaras kaɗan, sai shiru.

"Ba ya yin ƙwas, ƙwas, ƙwas a jere? Ba ya tashi ya mutu, ya tashi ya mutu?"

Na ce a'a.

Ya ce to da sauran numfashi. Da a ce yana wannan ƙwanƙwasar, ko yana kukan gurzawa, ko bai tashi ba sam, da babu abin da za a yi a gida, sai dai a kai wa masu ɗakin da aka tace, a biya kuɗi mai tsoka. Tunda yana juyawa kuma kwamfuta tana ganin girmansa daidai, ciwon na wasu gurabe ne, wato ƙananan wuraren da ake rubuta bayanai a kan farantin. Muka duba da wata 'yar manhaja mai suna CrystalDiskInfo, wadda ke karanta rahoton lafiyar da faifai ke rubuta wa kansa, wanda ake kira SMART. Ta nuna gargaɗi da ruwan ɗorawa, da ɗaruruwan gurabe da faifan ya kasa karantawa. Ya ce, "Yaya, wannan shi ne karo na ƙarshe da zai ga Windows."

Dabarar duka guda ɗaya ce, kuma ita ce ban sani ba a daren Asabar. Ba a neman fayil a jikin faifai mai ciwo. Kwafe shi ake yi gaba ɗayansa, gurbi bayan gurbi, da mai amfani da marar amfani, zuwa wani lafiyayyen faifai. In an gama sai a ajiye majinyacin, duk wani bincike da tone-tone a yi shi a kan kwafin.

Ranar Litinin na sayo sabon haddis mai tera ɗaya, don dole wurin saukewa ya fi na asali girma. Kuɗin ya yi mini ciwo, kuma ina biya ina tuna cewa da na saye shi shekara guda da ta wuce da duk wannan bai taso ba. Na sauke SystemRescue, wani nau'in Linux (tsarin tafiyar da kwamfuta ne kamar Windows) na kyauta da aka haɗa don irin wannan aiki, na ɗora shi a filash da manhajar Rufus. Amfaninsa shi ne ba ya taɓa kowane faifai sai ka ce ya taɓa, ba kamar Windows ba da kana jonawa zai fara leƙe-leƙe da rubuce-rubuce. Sannan na zare majinyacin daga rigarsa, domin irin waɗannan riguna masu araha sukan ruɗe su yanke hulɗa da zarar faifai ya yi jinkirin amsawa. Na kwance bayan laftof ɗin maiɗakina, na cire nata faifan na naɗe a hankici, na sa nawa a gurbinsa. Tana tsaye a kaina. Ta ce, "Malam, ka cinye mini babi huɗu, yanzu kuma kwamfutar za ka haɗa da ita?" Ban ce komai ba, don ranar ba ni da bakin magana.

Na kunna ina danna F12 don kwamfutar ta tashi daga filash. Baƙin allo ya bayyana da fararen rubutu, babu hoto babu kibiya. A nan ne wurin da ya fi ba ni tsoro. Linux ba ya kiran faifai da C ko D, sai dai sda da sdb. In ka juya su, wato ka ce a kwafe sabon zuwa kan tsohon, to ka shafe komai da hannunka. Na rubuta lsblk, jerin ya fito: sda mai giga 465 da ɗoriya, shi ne majinyacin, don haka kwamfuta ke lissafa giga 500 na kanti, ɗayan mai 931 shi ne sabon. Na rubuta a takarda, na ɗauki hoton allon na tura wa ƙanena, ya ce daidai. Duk da haka sai da na karanta layin sau uku kafin in danna:

ddrescue -d -n /dev/sda /mnt/sabo/faifai.img /mnt/sabo/taswira.map

Wannan ddrescue ɗin, wanda wani mai suna Antonio Diaz Diaz ya rubuta a ƙarƙashin shirin GNU na manhajojin kyauta, halin manomi mai hankali gare shi ranar da hadari ya taso ana girbi. Ba ya tsayawa tsintar abin da ya zube. In ya iso wurin da ba ya karantuwa sai ya yi masa alama ya tsallake, ya je ya kwashe mai sauƙi tukuna, don ba a san lokacin da faifan zai mutu ba. Harafin n ɗin nan na ce masa ne kada ya tsaya kankare wuraren masu wuya a zagayen farko. Fayil na ƙarshe kuwa, wanda na sa wa suna taswira, a nan yake rubuta inda ya karanta, da inda ya tsallake, da inda ya gagara. Darajar wannan taswira sai da aka ɗauke wuta na san ta.

Da farko gudu yake kamar ba shi da ciwo, mega 80 zuwa 90 a daƙiƙa. Har na fara lissafin kafin sha biyun dare mun gama. Yana kaiwa wajen kashi 12 cikin ɗari sai lambar ta rufto, ta koma 'yan kilobayit, ta koma sifili. Akwai wani layi a allon mai ƙirga tsawon lokacin da aka ɗauka rabon da a karanta wani abu. Na zuba masa ido: daƙiƙa 20, 40, minti ɗaya. Sai kuma ya yi tsalle ya wuce, gudun ya dawo. Haka muka yi ta yi. Ƙarfe biyu saura aka ɗauke wuta. Batirin laftof ɗin ya riƙe kamar awa ɗaya da rabi, da na ga ya kusa ƙarewa na danna Ctrl da C, aikin ya tsaya cikin natsuwa, na kashe. Da safe na ɗauki kayan gaba ɗaya a faranti, kamar mai kai wa surukai abinci, na kai ɗakin maƙwabcina mai sola. Na sake rubuta layin nan bai canja ko harafi ba, ya duba taswirarsa ya ɗora daga inda ya tsaya.

Zuwa la'asar ɗin Talata ya nuna kashi 99.9. Na yi murna, har na kira ƙanwata. Ƙanena ne ya kwantar mini da zumuɗi, ya ce in yi lissafi: kashi 0.1 cikin ɗari na giga 500 mega 500 ne. Karatun Baba a yadda na adana shi, minti ɗaya kusan mega ɗaya yake ci. Ke nan abin da ya rage zai iya zama awa takwas na muryarsa.

Ragowar nan ita ta ci kwana biyu da rabi. Na cire n ɗin, na sa ya koma kan wuraren da ya tsallake. A wannan zagayen gurbi ɗaiɗai yake bi, kowane gurbi bayit 512, a faifan da ke da gurbi sama da miliyan 976. Wani ya karantu nan take, wani sai an jira, wani ya ƙi. Na bar bayan laftof ɗin a buɗe, na jingina ta a kan littattafai biyu, na saita mata 'yar fanka, don in ka taɓa faifan za ka ji ya yi ɗumi sosai. Sau biyu ya ɓace ɗungurungum, kwamfutar ta daina ganinsa, sai na kashe na bar shi ya huce rabin awa sannan ya dawo. A karo na biyun na ji wani ƙwas guda ɗaya lokacin da yake tashi. Na sa ya sake zagaye ɗaya ta baya, daga ƙarshe zuwa farko, ya ƙara tsinto kaɗan. Daren Alhamis abin da ya gagara ya tsaya a mega 7 da 'yan kai, awa huɗu lambar ba ta motsa ba. Zuciyata tana ce mini in ƙara zagaye uku. Ƙanena ya ce, "Yaya, ya ba ka abin da zai iya." Na kashe, na zare shi, na mayar wa maiɗakina nata faifan.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na buɗe kwafin da TestDisk, manhajar gano tsarin faifan da ya lalace, wadda wani Bafaranshe, Christophe Grenier, ya rubuta, ita ma kyauta ce kuma tana cikin SystemRescue. Ta nuna cewa gurbin farko na ɓangaren faifan da kayana ke ciki, wanda ke gaya wa kwamfuta yadda aka tsara faifan, ya lalace. Abin da ya sa Windows ke ta kiran a yi fomatin ke nan. Amma tsarin NTFS, wanda Windows ke jera fayil da shi, yana ajiye kwafin wannan gurbi a can ƙarshen ɓangaren, kuma nawa yana nan lafiya. Da aka yi amfani da shi sai ga jerin foldoji da sunayensu yadda na sa musu. Na ga "Karatun Baba". Na tashi na zaga ɗakin na dawo na zauna.

Foldar maiɗakina ce babu. Na duba sama da ƙasa. Can na lura da wata baƙuwar folda mai suna found.000 wadda ban taɓa ƙirƙira ba. Aikin chkdsk ne na daren Asabar: abin da ya yanke daga rajista nan yake zubawa. A ciki na tarar da babi na ɗaya zuwa na uku. Na huɗun babu shi, kuma hotunan shekara guda cur sun yi ɓatan dabo.

Su kuma sai da PhotoRec, abokiyar tafiyar TestDisk. Ita ba ruwanta da rajista. Bin faifan take yi tana shinshina, duk inda ta ga alamar farkon hoto ko takarda ko sauti sai ta yanko. Tana samo abu, amma ba suna ba folda. Ta zubo mini fayil sama da dubu arba'in masu sunaye irin f2841736.jpg, a foldoji recup_dir.1, recup_dir.2, har abin ya gundure ni. Mafi yawa tarkace ne, ƙananan hotunan shafukan intanet da tsohuwar laftof ta tara tun tana raye. Na jera su bisa girma, na watsar da duk hoton da bai kai kilobayit 200 ba, sauran na jera bisa ranar da kyamara ta rubuta a cikinsu, sai hotunan suka koma kan layi. Takardun Word kuwa ɗaya bayan ɗaya muka buɗe ni da ita, har muka samu babi na huɗu iri uku. Mafi sabunta a ciki ya rasa shafi shida na ƙarshe, ta sake rubuta su daga abin da ta yi da biro.

Akwai abin da ba wanda ya gaya mini sai da na gani. Wurin da ddrescue ya kasa karantawa, a cikin kwafin fanko ne, sifili zalla. Fayil ɗin da ramin ya faɗa cikinsa zai kwafu lafiya, da sunansa da girmansa daidai, babu gargaɗin komai. Sai ka buɗe hoto ka ga rabinsa toka-toka. Don haka ganin fayil 63 a foldar Baba bai isa ba, sai an saurara. Kafin in fara na kwafe foldar zuwa laftof ɗina, da filash biyu, na kuma ɗora ta a Google Drive da datar da ta kusa cinye mini albashi. Na tura wa ƙanwata babin azumi ranar Litinin, bayan na ji shi daga farko har ƙarshe. Sauran na bi su a hankali, a mota, a ɗakin malamai, da dare in yara sun yi barci. Hamsin da tara lafiya lau. Uku suna da 'yar ƙyafta wadda in ba ka kasa kunne ba ba za ka lura ba. Ɗaya ne ya yi rauni sosai, na babin gado, inda magana ke yanke a tsakiyar jimla ta faɗa wata mas'alar daban.

Shi na kai wa Hajiya, mahaifiyarmu, ranar Juma'ar da ta biyo baya. Na ajiye wayar a kan tabarma kusa da ita. Muryar Baba ta cika ɗakin, da tarinsa, da carar zakaran maƙwabta a bayansa, da inda yake tsayawa ya ce wa wani yaro ya rufe ƙofar zaure. Ya fara bayanin rabon mace in mijinta ya rasu ya bar 'ya'ya, ya ce, "To ita matar, a wannan hali, abin da za a ba ta shi ne," sai sautin ya yi tsalle.

Hajiya ba ta kiran sunana, ɗan fari ne ni. Ba ta ko ɗago kai daga carbinta ba ta ce, "Tumuni. Ɗaya bisa takwas. Daga nan sai ya ba da labarin mutumin nan mai mata huɗu da gona ɗaya. Kai, mayar da shi baya kaɗan, in ji tarin nan."